Yadda ake loda modul ɗin da ya dace da kanel ɗin Linux da ke aiki a kwamfutarka

Duk wanda ya taɓa kwafo fayil ɗin direba mai ƙarewa da `.ko` daga wata kwamfuta ya kai wata, ya san amsar da ake ba shi: `Invalid module format`. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, jiya ma ya yi aiki. Riga ce aka ɗinka da awon wani, yau ana son cusa wa wani.

Kanel shi ne ƙashin bayan Linux, shi ke magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Modul kuwa yanki ne na kanel da aka ajiye a gefe, sai buƙatarsa ta taso a shigo da shi: direban katin Wi-Fi, na katin hoto, na tsarin faifai irin vfat ko xfs. Da zarar ya shiga ya zama ɗan gida, babu inda ba ya iya taɓawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Manhaja ta yau da kullum in ta yi kuskure ita kaɗai ke mutuwa. Modul in ya yi kuskure, kwamfutar ce gaba ɗaya ke iya daskarewa, wani lokaci tana tsakiyar rubutu a faifai.

Masu gina Linux suna kiyaye ƙofofin da manhajojin waje ke bi, amma ba su taɓa alkawarin barin cikin kanel yadda yake ba. A ƙara gurbi ɗaya mai baiti 8 a tsakiyar wani tsarin bayanai, duk abin da ke bayansa ya matsa. Modul ɗin da aka gina bisa tsohon tsari zai je ya karanta gurbin da ba nasa ba, bai ma sani ba. Abin da kanel ke gudu ke nan da yake tsare modul a bakin ƙofa.

Wane kanel ne ke aiki yanzu?

Da wannan ake farawa, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata hanya, domin kanel ɗin da aka girka daban, wanda ke aiki daban.

```
uname -r
ls /lib/modules
```

Umarnin farko zai ba ka abu irin `6.1.0-18-amd64` a Debian 12, ko `5.15.0-91-generic` a Ubuntu 22.04. Na biyu zai jero foldojin modul da ke faifai, ɗaya ga kowane kanel. Dole sunan da `uname -r` ya bayar ya kasance cikin jerin, harafi da harafi, domin `modprobe` a wannan folda kaɗai yake dubawa.

Kada ka raina lambar da ke bayan layin tsakiya. Wannan 18 ko 91 ɗin ita Debian da Ubuntu ke ƙarawa duk lokacin da cikin kanel ya sauya yadda tsofaffin modul ba za su ƙara dacewa ba. Wato `5.15.0-91` da `5.15.0-92` ba abu ɗaya ba ne ko da duka 5.15 ake kiran su. Kalmar ƙarshe ma tana da nata: `generic` da `lowlatency` an gina su da saiti daban, kowanne da foldarsa.

Idan sunan ba ya cikin jerin, abu biyu ne galibi. Na farko, an sabunta kanel ba a sake kunna kwamfuta ba. A Arch Linux wannan kullum ne, domin `pacman` yana share foldar tsohon kanel lokacin da yake saka sabo. Kana zaune sai ka soka filash ya ƙi buɗewa, saboda modul ɗin da zai karanta shi ya tafi tare da foldar. Maganin kawai a sake kunnawa. Debian, Ubuntu da Fedora suna ajiye tsoho a gefe, Fedora ma guda 3 take riƙewa bisa saitin `installonly_limit`.

Na biyu ya fi wahalar ganewa: an sake kunnawa, amma tsohon kanel ne ya sake tashi. Hakan na faruwa idan `/boot` ɓangaren faifai ne mai zaman kansa kuma ba a jona shi ba lokacin sabuntawa. Sabon kanel ya faɗa cikin foldar `/boot` ta wofi, mai tayar da kwamfuta kuma ya ci gaba da ɗauko tsoho daga ɓangaren gaske. Duba da `findmnt /boot`, ka jona shi, ka sake girka ƙunshin kanel.

Kafin ka nemi komai a waje

Sau tari direban yana nan, ba a dai gan shi ba. Duba saitin da aka gina kanel da shi:

```
grep -i CONFIG_VFAT_FS /boot/config-$(uname -r)
```

In ka ga `=y`, an dunƙule shi cikin kanel, babu fayil ɗin da za a loda, kuma `lsmod` ba zai nuna shi ba. In ka ga `=m`, modul ne, yana ƙarƙashin `/lib/modules`. Ubuntu 22.04 tana raba modul gida biyu, direbobin Wi-Fi da yawa suna cikin ƙunshin `linux-modules-extra-$(uname -r)`, wanda ba a saka shi a wasu kwamfutocin saba. Fedora ma tana da `kernel-modules-extra`. Umarnin `lspci -nnk` zai nuna kowane kati da direban da ke riƙe da shi da waɗanda za su iya riƙe shi. Direban da ya zo tare da kanel ya fi duk wanda za ka ɗauko a intanet sauƙin zama, domin tare suke tafiya a kowace sabuntawa.

Abin da kanel ke dubawa a bakin ƙofa

Kowane modul yana ɗauke da hatimin kanel ɗin da aka gina shi dominsa. Ga yadda ake karanta shi, inda `gwaji` sunan misali ne a madadin modul ɗinka:

```
modinfo -F vermagic ./gwaji.ko
```

Amsar za ta yi kama da `6.1.0-18-amd64 SMP preempt mod_unload modversions`. Kalmar farko sigar kanel ce, sauran kuma manyan saituna ne da ke sauya yadda ake tsara cikinsa. Kwatanta wannan layi da na wani modul da ya zo da kanel, misali `modinfo -F vermagic xfs`. In sun bambanta, `dmesg` zai rubuta `version magic` kaza `should be` kaza, ya nuna maka layukan biyu kusa da juna.

Kalmar `modversions` ita ce ke rikita mutane. Idan an gina kanel da `CONFIG_MODVERSIONS`, kamar yadda Debian, Ubuntu da RHEL (Linux ɗin kamfanin Red Hat) ke yi, kanel ba ya damuwa da lambar sigar da ke farkon layin. Abin da yake dubawa ya fi haka zurfi. Kowane aiki da kanel ke ara wa modul yana da lambar tantancewa ta CRC, wadda aka lissafo daga siffar aikin da duk tsarin bayanan da yake taɓawa. Lokacin gini ana kwafe waɗannan lambobi daga fayil ɗin `Module.symvers` a dasa cikin modul. Lokacin lodawa kanel yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ta saɓa, an rufe ƙofa. Kana iya gani da idonka a `module_layout`, ɗaya daga cikin sunayen da ke da irin wannan lamba:

```
modprobe --dump-modversions ./gwaji.ko | grep module_layout
grep module_layout /lib/modules/$(uname -r)/build/Module.symvers
```

Lambobin biyu in ba su zo ɗaya ba, babu wata dabara da ta rage sai sabon gini. Wannan tsari ne ya ba Red Hat damar kiyaye wani jerin ayyukan kanel ba tare da sauya su ba, ta yadda modul ɗin waje da bai fita daga jerin ba zai iya bin sababbin kanel ta foldar `weak-updates`. Wanda ya taɓa aiki ko ɗaya a wajen jerin ba ya cikin wannan rangwame.

Da insmod da modprobe

`insmod` yana karɓar hanyar fayil, ya miƙa wa kanel, shi ke nan. Bai san cewa wannan modul yana dogara da wani ba. Amfaninsa gwajin abin da ka gama ginawa yanzu. `modprobe` kuwa suna yake karɓa, ba tare da `.ko` ba, ya duba rajistar `modules.dep`, ya loda duk waɗanda ake buƙata bisa tsari, ya kuma karanta saitin da ke `/etc/modprobe.d`. Ya san fayiloli matsattsu irin `.ko.xz` da `.ko.zst`.

Rajistar ba ta rubuta kanta. In ka ajiye fayil da hannu a foldar modul, sai ka ce:

```
sudo depmod -a
modprobe -n -v gwaji
sudo modprobe gwaji
```

Layi na tsakiya ba ya loda komai, yana nuna abin da zai faru ne kawai, da cikakkiyar hanyar kowane fayil. Ka saba da shi. Idan akwai modul biyu masu suna ɗaya, na kanel da naka, wanda ke foldar `updates` ne ke gaba, sauran tsarin fifiko kuma yana rubuce a `/etc/depmod.d` ko `/usr/lib/depmod.d`. `modinfo -n gwaji` zai faɗa maka wanda ya ci.

Saƙon da umarni ya buga a allo gajere ne, cikakken dalili yana wajen kanel. Duk lokacin da lodawa ta gaza, abu na gaba shi ne `sudo dmesg | tail -20`.

`Module gwaji not found in directory` na nufin fayil ɗin ba ya foldar wannan kanel, ko an manta `depmod`. `Exec format error` daga `modprobe` da `Invalid module format` daga `insmod` kuskure ɗaya ne da baki biyu: hatimi bai dace ba, ko `module_layout` ya saɓa, ko kuma an gina fayil ɗin don wani irin injin, misali na arm64 aka kawo kan amd64. Umarnin `file gwaji.ko` zai warware na ƙarshen.

`Unknown symbol` kuwa sai an kalli lambar da ke gabansa a `dmesg`. In `err -2` ce, aikin da ake nema babu shi kwata-kwata: ko dai yana cikin wani modul da ba a loda ba tukuna, wanda `modinfo -F depends` zai ambata, ko an cire shi daga wannan sigar kanel. In `err -22` ce, aikin yana nan amma lambar CRC ta saɓa, kuma za ka ga `disagrees about version of symbol` a layin da ke samansa.

Akwai saƙon da ke kama da matsalar siga alhali ba ita ba ce: `Direct firmware load for` kaza `failed with error -2`. A nan modul ya shiga lafiya, ƙaramar manhajar da ake ɗura wa katin kansa ce babu a `/lib/firmware`. Ko ka sake gini sau goma ba zai motsa ba. Ƙunshin `linux-firmware` ake nema, a Debian kuma irin su `firmware-realtek` ko `firmware-iwlwifi` daga sashen `non-free-firmware`.

Gini bisa kanel ɗin da ya dace

Ba sai ka sauke dukkan tushen kanel ba. Abin da ake buƙata fayilolin gini ne na wannan kanel ɗin takamaimai, waɗanda ke ɗauke da saitinsa da `Module.symvers` ɗinsa.

```
sudo apt install build-essential linux-headers-$(uname -r)
sudo dnf install gcc make kernel-devel-$(uname -r)
```

Na farko na Debian da Ubuntu ne, na biyu na Fedora da dangin RHEL. A Arch sunan ƙunshin `linux-headers`, ko `linux-lts-headers` ga mai kanel na LTS. Bayan girkawa ka tabbata `ls -l /lib/modules/$(uname -r)/build` yana nuni zuwa foldar da ke nan da gaske. In rumbun manhaja ya ce babu fayilolin gini na sigarka, kanel ɗinka ya tsufa an janye su. Sabunta, sake kunna, sannan ka dawo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In direban da za ka gina na katin intanet ne, sauke duk waɗannan tun kana da hanya. In kuwa ta riga ta yanke, jona waya da kebul na USB ka kunna raba intanet ta kebul, direbobin wannan galibi suna zuwa da kanel.

Ga modul mai fayil ɗaya, `Makefile` ɗin layi ɗaya ne, `obj-m += gwaji.o`. Sai:

```
make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD modules
modinfo -F vermagic gwaji.ko
sudo make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD modules_install
sudo depmod -a
```

Kada ka sa `sudo` a layin gini. Yawancin `Makefile` ɗin da ke yawo suna dogara da `$(PWD)`, wanda `sudo` kan share, sai `M=` ya tafi fanko, `make` ya ɗauka kanel ɗin gaba ɗaya kake son ginawa, ya shiga taɓa foldar fayilolin gini da ikon shugaba. In hakan ta faru, sake girka ƙunshin. Layi na uku zai ajiye fayil ɗin a foldar `extra` a tsofaffin kanel, ko `updates` a sababbi.

Wani ramin kuma shi ne gcc, manhajar da ke gina rubutun C. `cat /proc/version` zai faɗi wanda aka gina kanel da shi. Ubuntu 22.04 ta zo da gcc 11 da kanel 5.15, amma kwamfutocin tebur suna bin jerin HWE, wato jerin sababbin kanel na Ubuntu, wanda ya kai su 6.5 sannan 6.8, kuma waɗannan da gcc 12 aka gina su. Sai gini ya tsaya da `gcc-12: not found`. Maganin `sudo apt install gcc-12`, ba sai an sauya komai ba.

Mai gina kanel nasa daga tushe ya lura da wannan: `make modules_prepare` ba ya samar da `Module.symvers`. In `CONFIG_MODVERSIONS` na kunne, sai an yi cikakken gini. In ba haka ba modul zai fito babu lambobin tantancewa, kanel ya ce `no symbol version for module_layout`. Haka nan modul ɗin waje da ke aron aiki daga wani modul ɗin waje, sai an nuna masa `Module.symvers` na wancan ta `KBUILD_EXTRA_SYMBOLS`.

Idan kuwa gini ya tsaya da kuskure cikin rubutun C kansa, to rubutun direban ne ya tsufa. Misalai biyu da suka karya direbobi da yawa: a kanel 5.6 an koma `proc_ops` wajen fayilolin `/proc`, a 6.4 kuma `class_create` ya daina karɓar `THIS_MODULE`. Masu rubuta direba kan kewaye irin wannan da `#if LINUX_VERSION_CODE >= KERNEL_VERSION(6,4,0)`. Dabarar tana aiki, amma ba a RHEL ba, inda lambar kanel ke tsaye a 4.18 ga RHEL 8 da 5.14 ga RHEL 9 alhali ana ta dasa masa sababbin abubuwa daga gaba. Nemi sabuwar sigar direban kafin ka fara gyara da hannu.

Kada ka riƙa yin wannan duk wata

Abin da ka gina da hannu na kanel ɗaya ne. Sabuntawa ta gaba za ta kawo sabuwar folda, babu modul ɗinka a ciki. DKMS, tsarin da kamfanin Dell ya fito da shi a 2003, maganin wannan ne: ya ajiye rubutun direba, ya sake gini duk lokacin da sabon kanel ya sauka.

Kwafe rubutun zuwa `/usr/src/gwaji-1.0/`, sunan foldar dole ya zama suna, layi, siga. A ciki ka ajiye `dkms.conf`:

```
PACKAGE_NAME="gwaji"
PACKAGE_VERSION="1.0"
BUILT_MODULE_NAME[0]="gwaji"
DEST_MODULE_LOCATION[0]="/updates/dkms"
AUTOINSTALL="yes"
```

Sai `sudo dkms add -m gwaji -v 1.0`, sannan `build`, sannan `install`, da waɗannan zaɓuɓɓuka iri ɗaya. `dkms status` zai nuna layi ga kowane kanel. Kalmar da kake nema a ƙarshen layin ita ce `installed`. In ka ga `added` kawai, ba a gina komai ba.

DKMS bai iya gini ba tare da fayilolin gini na sabon kanel ba, kuma wannan ne ke kayar da mafi yawan mutane. Ƙunshin `linux-headers-$(uname -r)` na siga ɗaya ne, ba ya bin sabuntawa. Saka wanda ke jawo sabo kullum: `linux-headers-amd64` a Debian, `linux-headers-generic` a Ubuntu, ko `linux-headers-generic-hwe-22.04` ga mai bin HWE. Masu Fedora da ke ɗaukar direba daga rumbun manhaja na RPM Fusion suna da makamancinsa, `akmods`, wanda kan ɗauki ƴan mintoci yana gini bayan sabuntawa ta ƙare. A jira shi kafin a kashe kwamfuta.

Ko da komai na nan, gini na iya gazawa. A watan Fabrairun 2024, da Debian 12.5 ta zo da kanel `6.1.0-18`, direban NVIDIA na DKMS ya ƙi ginuwa saboda ya taɓo aikin da kanel ya keɓe wa modul masu lasisin GPL, har sai da aka fitar da gyararren ƙunshi. Don haka ka karanta abin da `apt` ke bugawa, ka duba `dkms status` kafin sake kunnawa. Dalilin gazawa yana `/var/lib/dkms/gwaji/1.0/build/make.log`, kuma kuskuren farko a fayil ɗin shi ne na gaske, sauran ƴan rakiya ne. Kafin gyara ya fito, zaɓi tsohon kanel daga `Advanced options` a allon GRUB, mai tayar da kwamfuta. Shi ya sa ba a gaggawar share tsoho.

Wani abu mai kama da wannan: an sabunta direban NVIDIA, `nvidia-smi` ya ce `Driver/library version mismatch`. Sabon modul yana faifai, tsoho yana ƙwaƙwalwa. Kwatanta `cat /proc/driver/nvidia/version` da `modinfo -F version nvidia`. Ba za a iya cire tsohon ba muddin allo na amfani da shi, sake kunnawa ce hanya mafi gajarta.

Siga ta dace, amma an ce makulli

In saƙon ya zama `Key was rejected by service`, ko `Required key not available`, ko `dmesg` ya ambaci `Lockdown`, ginin ba shi da laifi. Secure Boot, tsarin tsaron tashin kwamfuta, ne a kunne, kanel kuma ba ya karɓar modul sai mai sa hannun da ya sani. `mokutil --sb-state` zai tabbatar. Kashe shi a saitin UEFI ya fi sauri, amma ga laftof ɗin da ke fita waje, ko wanda Windows ke zaune a gefe, sa hannun ya fi. Sau ɗaya ake wahalarsa.

```
openssl req -new -x509 -newkey rsa:2048 -nodes -days 36500 \
  -keyout MOK.priv -outform DER -out MOK.der -subj "/CN=Makullin modul/"
sudo mokutil --import MOK.der
```

Zai nemi kalmar sirri ta amfani sau ɗaya. Da ka sake kunnawa, shuɗin allo zai fito na ƴan daƙiƙoƙi. Danna kowane maɓalli, zaɓi `Enroll MOK`, `Continue`, `Yes`, ka shigar da kalmar. In ya wuce ka, sai ka maimaita `mokutil --import`. Allon yana karanta maɓallai bisa tsarin QWERTY. Masu allon rubutu na AZERTY, irin wanda ya yawaita a Nijar, su guji a, q, z, w da m a wannan kalma, su guji lambobi ma, domin abin da suka buga ba shi zai shiga ba.

Sai sa hannun:

```
sudo /lib/modules/$(uname -r)/build/scripts/sign-file sha256 MOK.priv MOK.der gwaji.ko
modinfo -F signer gwaji.ko
```

Sa hannun yana maƙale ne a wutsiyar fayil. Duk abin da ya taɓa fayil ɗin bayan haka, kamar `strip` mai rage girman fayil, ya ɓata shi. Tsarin shi ne a gina, a rage, a sa hannu, sannan a matse in za a matse. DKMS na zamani yana sa hannu da kansa, aikinka kawai ka shigar da makullinsa: `/var/lib/dkms/mok.pub` a Debian 12, `/var/lib/shim-signed/mok/MOK.der` a Ubuntu. Fayil ɗin `MOK.priv` kuwa, wanda ya same shi ya sami ikon shigar da abin da ya ga dama cikin kanel ɗinka. Rufe shi da `chmod 600`.

Batun tilastawa

`modprobe` yana da `--force-vermagic` da `--force-modversion`, kuma za ka ga ana ba da shawararsu. Gyaran gangar auzinawa ne. Ba sa sa modul ya dace, mai gadin ƙofa kawai suke kora. Ba sa ma aiki sai an gina kanel da `CONFIG_MODULE_FORCE_LOAD`, kuma ƙarƙashin Secure Boot kanel ba ya amincewa da sa hannun modul ɗin da aka tilasta. Inda abin ya fi muni shi ne in ya shiga kuma ya yi kamar yana aiki, domin ɓarnar ƙwaƙwalwa ba lallai ta bayyana nan take ba, sai bayan kwanaki a wani wuri da ba ruwansa. Gyara layin `vermagic` da hannu cikin fayil ma duk kanwar ja ce.

Kanel yana ajiye tarihin abin da aka shigar masa a `/proc/sys/kernel/tainted`. Sifili na nufin tsaf. Lamba 1 modul mara lasisin GPL, 2 wanda aka tilasta, 4096 wanda aka gina a waje, 8192 mara sa hannu, kuma ana tara su ne. Ganin 12288 a kwamfutar da ke da direban waje ba abin tsoro ba ne, 4096 ne da 8192. Wanda ke ɗauke da 2 a ciki kuwa, babu mai gyaran kanel da zai karɓi rahoton matsalarsa.

Lodawa lokacin tashi

Yawancin direbobin kati suna shigowa da kansu, domin `udev`, manhajar da ke lura da na'urorin da aka jona, yana haɗa lambar katin da rajistar `modules.alias`. Wanda ba shi da kati, rubuta sunansa shi kaɗai a layi cikin `/etc/modules-load.d/gwaji.conf`. Saitinsa kuma a `/etc/modprobe.d/gwaji.conf`, da layi irin `options gwaji suna=1`, sunayen da yake karɓa suna `modinfo -p gwaji`. In direban kanel na riga naka kama katin, sa `blacklist` da sunansa a wannan folda. Wannan yana hana shi shigowa da kansa ne kawai, in wani modul ya dogara da shi zai jawo shi.

Modul ɗin da ake buƙata kafin a buɗe babban faifai, irin na RAID ko ZFS, dole ya shiga `initramfs`, ƙaramin ƙunshin fayilolin da kanel ke farawa da shi wajen tashi, kuma kowane kanel da nasa. Bayan duk sauyi: `sudo update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu, `sudo dracut -f` a Fedora, `sudo mkinitcpio -P` a Arch. In ka gyara fayil a faifai amma tsohon modul ya ci gaba da tashi, kwafin da ke cikin `initramfs` ne. `lsinitramfs` ko `lsinitrd` za su nuna shi.

Inda uname ke yaudara

Cikin kwantena ta Docker ko LXC, `uname -r` kanel ɗin uwar gida, wato kwamfutar da ke ɗauke da kwantenar, yake nunawa, domin kwantena ba ta da nata. A uwar gidan ake gina modul a loda shi.

Haka abin yake idan kwamfuta ta ƙi tashi, misali an ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta kanel, ka tayar da ita da filash ka shiga tsarin da ke faifanta ta umarnin `chroot`. A nan `uname -r` kanel ɗin filash zai faɗa, kuma duk umarnin da ya dogara da shi zai yi aiki a kan foldar da babu ita. Jona babban ɓangaren faifai a `/mnt`, sai `/boot` da `/boot/efi` in suna zaman kansu, sai `/dev`, `/proc` da `/sys` da `mount --bind`. Bayan ka shiga, `ls /lib/modules` ne zai ba ka sunan gaske, kuma da hannu za ka rubuta shi a kowane layi:

```
dpkg --configure -a
dkms autoinstall -k 6.1.0-18-amd64
depmod -a 6.1.0-18-amd64
update-initramfs -u -k 6.1.0-18-amd64
update-grub
```

In `update-initramfs` ya ce babu fayil ɗin da zai sabunta, sauya `-u` da `-c` ya ƙirƙiri sabo. In ya ce wuri ya cika, `df -h /boot` zai nuna, sai ka cire kanel mafi tsufa da `apt remove`, ka bar wanda ka san yana tashi. Kafin ka fita, `modinfo -k 6.1.0-18-amd64 -F vermagic gwaji` ya nuna wannan lamba ɗin dai, sannan `exit`, `umount -R /mnt`, ka zare filash.